Ragowar kifi tsakanin magani da abinci: me Batsari da Safana za su ɗauka daga binciken masana?

  

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, wadda aka fi sani da Na Gari Na Kowa, ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina sakamakon tamowa, cikin watanni shida na farkon shekarar kawai. Ta ce ta duba yara kusan 70,000, kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka ba su gado, kuma masu zuwa da kumburin jiki, wanda yake daga cikin matakai mafi haɗari na wannan cuta, sun ƙaru da kashi 208 cikin 100 idan aka kwatanta da irin wannan lokaci a 2024. Duk wanda ya san halin da Batsari da Safana suka shiga a shekarun nan, na gonakin da aka bari a bakin Dajin Rugu, da shanun da aka kora, da matan da suka watsu cikin Katsina da Dutsin-Ma suna neman abin sawa a bakin salati, ba zai yi mamakin waɗannan alƙaluma ba, sai dai zuciyarsa ta karaya.

A cikin waɗannan shekaru dai, a ɗakunan bincike na Japan da Nowe da Aisilan da Birazil, masana sun duƙufa a kan wani abu da yawancin mutane ke toshe hanci idan sun gifta ta kusa da shi, wato ragowar kifi: kai, da fata, da ɓawo, da ƙaya, da kayan ciki. Suna cewa a cikin wannan shara akwai sinadaran da za su iya taimakawa wajen hawan jini, da warkar da rauni, da gina jiki. Labarin ya fara shigowa wayoyinmu, wasu 'yan kasuwa ma har sun fara tallata ƙwayoyi da garin sha da sunansa. Saboda haka ya dace mu tsaya mu duba gaskiyar abin da aka gano, da hukuncinsa a shari'a, da kuma rabon da ƙasar da ba ta da teku, kamar tamu, za ta iya samu a cikinsa.

Mu fara da bayanin abin da ake magana a kai. Furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da jini da fata, kamar dogon carbi yake, kowace ƙwayarsa kuwa masana suna kiranta amino asid, kuma iri 20 ne jikin ɗan Adam ke sarrafawa. Idan aka yanka wannan carbi gunduwa-gunduwa, kowane guntu mai ƙwaya biyu zuwa 20 ko makamancin haka shi ake kira feftayid. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, wasu guntayen ba sa yin komai matuƙar suna sarƙe cikin dogon carbin, amma da zarar an yanke su sun zama su kaɗai sai su fara aiki a jiki fiye da na abinci kawai. Wuƙar da ake yankawa da ita kuwa wani sinadarin narkarwa ne da ake kira enzayim, irin wanda Allah Ya sanya a cikin tumbinmu da hanjinmu.

Iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da wannan ilimi ba tare da sun raɗa masa suna ba. Matar da ta naɗe tsohon nama a ganyen gwanda domin ya yi laushi, enzayim ɗin da ke cikin gwandar ne ya datsa mata furotin, kuma shi dai ake tatsa a yau ana sayar wa masana'antu da sunan fafayin. Mai yin daddawa da ta dafa kalwa ta rufe ta kwana biyu ko uku, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke farfasa furotin ɗin kalwar har ya ba da wannan ɗanɗano da muka sani, kuma daga dangin waɗannan halittu ake samo enzayim ɗin da manyan masana'antu suka fi amfani da shi wajen narkar da ragowar kifi.

To me aka tabbatar, me kuma ake fata? Dole mu rarrabe, domin a wannan gaɓa ake yaudarar jama'a. Akwai abubuwan da suka riga suka shiga asibiti, ba a gardama a kansu. Tun shekarun 1930 likitan nan na ƙasar Denmak, Hans Christian Hagedorn, da abokan aikinsa suka gano cewa wani ƙaramin furotin mai suna furotamin, da ake cirowa daga maniyyin kifi, yana sa allurar insulin ta daɗe tana aiki a jiki. Insulin mai launin madara da masu ciwon sukari da dama ke yi wa kansu a yau da shi ake haɗa ta. Da shi kuma likitoci ke karya ƙarfin maganin tsinka jini bayan tiyatar zuciya. A birnin Fotaleza na Birazil, tun daga 2015 likitoci da masanan Jami'ar Tarayya ta Siyara suke gwada fatar karfasa wajen rufe ƙunar wuta, kuma karfasar nan asalinta 'yar Afirka ce, irin wadda masuntanmu ke kamawa. A Aisilan wani kamfani mai suna Kerecis ya mayar da fatar kifin kod abin lulluɓe gyambo da ƙuna, har a 2023 kamfanin Coloplast na Denmak ya saye shi a kan kuɗin da ya kai dala biliyan 1.3. Fatar da a da ake zubarwa ke nan. Sai dai mu yi gargaɗi tun da wuri: waccan fata ana wanke ta ne da magunguna, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta ta hanyoyi masu tsauri, sannan likita ya ɗora. Wanda ya ɗauki ɗanyar fatar kifi daga kasuwa ya manna wa yaron da ruwan zafi ya ƙona, ya jawo masa ruɓewar rauni.

Batun hawan jini kuwa, wanda shi ya fi yawa a bakin masu talla, yana da tushe amma an kambama shi. Akwai wani enzayim a jikin mutum da ke samar da sinadarin da ke matse jijiyoyin jini. Maganin kaftofiril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981, aikinsa shi ne ya danne wannan enzayim, kuma an faro shi ne daga nazarin guntayen furotin da ke cikin dafin wani maciji na Birazil. Daga baya masanan Japan suka samu guntaye masu irin wannan aiki a cikin kifin sadin da kifin bonito, har hukumomin ƙasar suka yarda a sayar da su a rukunin abinci mai taimakon lafiya, tsarin da suka kafa a 1991. Amma da aka kai maganar feftayid ɗin bonito gaban Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Tarayyar Turai, sai ta yanke a 2010 cewa hujjojin da aka kawo ba su isa su tabbatar da cewa shi ne ke daidaita jini ba. Dalili kuwa sananne ne ga masu wannan fanni. Mafi yawan gwaje-gwajen an yi su ne a cikin kwalba ko a jikin ɓeraye. Guntun da ya nuna ƙarfi a kwalba, idan mutum ya haɗiye shi sai tumbi da hanji su ƙara daddatsa shi, wani lokaci abin da zai isa cikin jini bai taka kara ya karya ba. Gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, kuma saukar jinin da aka gani ba ta kai ta maganin asibiti ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum guda cikin kowane manya uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. A yankin da mutane suka shafe shekaru suna kwana da kunne ɗaya a buɗe, ga tsadar magani, ga asibitocin karkara da ma'aikata suka ƙaurace wa, duk wanda ya zo da kwalba yana cewa ga maganin hawan jini daga teku, na halitta, babu sinadarin Bature, zai samu kasuwa. Za mu komo kansa.

Ta fuskar shari'a, asalin al'amarin a fili yake. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa da abincinsa, aya ta 14 a Suratun Nahli kuma ta lissafa ɗanyen naman da ake fitarwa daga teku cikin ni'imomin da ake neman bayi su gode a kansu. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hadisin Abu Huraira (RA) inda Manzon Allah (SAW) ya bayyana tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. A kan haka mazhabarmu ta Malikiyya ta fi kowace yalwatawa, ta halatta dabbobin ruwa baki ɗaya ba tare da yanka ba, yayin da Hanafiyya suka taƙaita a kan kifi. Kifi dai babu wanda ya yi saɓani a kansa, kuma halaccin bai tsaya a kan tsoka ba. Hadisin Jabir (RA) da Bukhari da Muslim suka fitar hujja ce mai ƙarfi a nan. Rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA) yunwa ta galabaitar da su a gaɓar teku har suna cin ganye, sai teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira ambar. Suka ci daga gare ta wajen rabin wata, suka riƙa shafa kitsenta har jikinsu ya murmure, suka kuma yi guzurin namanta zuwa Madina, Annabi (SAW) ya tabbatar musu arziki ne daga Allah, ya ci daga abin da suka kawo. A lura da kyau: mayunwata ne, kuma sun amfana da nama da kitse gaba ɗaya har ƙarfinsu ya dawo.

Hadisin da ya fi kusa da maganarmu shi ne na tunkiyar da aka yi wa baiwar Maimuna (RA) sadaka da ita, ta mutu. Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin, ya tambayi abin da ya hana su cire fatarta su jeme su amfana da ita. Da suka ce mushe ce, ya bayyana musu cewa cinta aka haramta. Idan an zaburar da sahabbai su ceto amfani daga jikin mushen da ba a ci, yaya ragowar abin da yake halal tun daga kansa har wutsiyarsa? Ayoyin da suka hana almubazzaranci, kamar ta 31 a Suratul A'arafi da ta 26 da 27 a Suratul Isra'i, mun saba fassara su a kan bukukuwa da sayen abin da ba a buƙata. Barin dukiya ta ruɓe alhali akwai ilimin ceto ta yana shiga cikin tozarta dukiyar da hadisi ya hana.

Akwai mas'aloli biyu da duk mai son shiga wannan sana'a a ƙasar Musulmi ya kamata ya sani. Ta farko jinin kifi. Abin da Shehu Khalil ya tafi a kai a Mukhtasar, kuma shi ne mashahuri a mazhaba, shi ne jinin da ya kwarara najasa ne ko da na kifi ne, alhali Abul Hasan Alƙabisi da Alƙali Ibnul Arabi suna ganin tsarkinsa. Mai sarrafa kai da kayan ciki zai fita daga wannan saɓani cikin sauƙi idan ya wanke su tas kafin ya niƙa, abin da ma tsabta ke nema daga gare shi. Ta biyu, kuma ita ce mafi nauyi, wuƙar yankan. Enzayim ɗin da ake kira fefsin, wanda ɗakunan bincike ke yawan amfani da shi, galibi daga tumbin alade ake ciro shi. Kenan ana iya samun garin da aka rubuta masa kifi zalla a kwali, alhali da kayan alade aka narkar da shi. Mafita ita ce a yi aiki da enzayim na gwanda ko na abarba ko na ƙananan halittu, kuma duk suna nan a kasuwa.

A nan ne ragowar kifi ke da wata daraja ta musamman ga Musulmi. Jelatin, wanda da shi ake yin ɓawon kafso da wasu alewa da kayan zaƙi, babban kaso na wanda ake sarrafawa a duniya daga fatar alade yake fitowa, saura kuma daga fata da ƙashin shanun da ba mu san yadda aka yanka su ba. Malaman zamani sun yi saɓani. Taron da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya ɗauki cewa jelatin ya rikiɗe daga asalinsa, don haka ya tsarkaka, bisa ƙa'idar istihala. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa kuwa, a zamanta na Makka a 1998, ta halatta wanda aka ciro daga halal, ta hana wanda aka ciro daga alade. Jelatin da aka tatso daga fata da ɓawon kifi ya tsallake wannan gardama gaba ɗaya. Mu da muka ga yadda shakku a kan abin da ke cikin magani ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, mun san cewa natsuwar zuciya game da tsarkin magani tana da tasiri a kan lafiyar al'umma.

Yanzu mu dawo gida, domin abin da ake kira ragowa a Turai ya sha bamban da abin da yake ragowa a Runka ko Ruma. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a masana'antun da ke yanke tsoka zalla, abin da ake bari yana iya kaiwa kashi 70 cikin 100 na kifin. Su can kai shara ne. Mu nan kan tarwaɗa a farfesu na mai gida ne. Hasali ma Najeriya tana cikin manyan masu sayen busassun kawunan kifi daga Nowe da Aisilan, wato muna biyan kuɗin waje mu sayo abin da su suka ware gefe. Saboda haka wanda ya karanta alƙaluman Turai ya zaci akwai tsibin kawunan kifi a kasuwanninmu da ke jiran masana'anta, ya yi kuskure. Asararmu tana wani wuri daban. Tana cikin kayan ciki da ɓawon da masu gyaran kifi ke zubarwa a kwata. Tana cikin kifin ƙanƙarar da ya narke saboda rashin wuta, da bandar da ƙwari suka cinye a cikin kwali kafin ta iso daga Baga ko Hadeja ko Yawuri, da ɓarɓashin da ke taruwa a gindin buhu a sayar da shi a banza ko a watsa wa kaji.

Ruwa ma ba mu rasa shi gaba ɗaya ba. Madatsar ruwa ta Zobe, da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa cikin Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana ce, kuma tana iya ɗaukar ruwa fiye da mita miliyan 170 ta ma'aunin cika. Ta arewa ga madatsar Jibiya a kan kogin Gada. Ga kuma kiwon tarwaɗa a kududdufan siminti da na leda da matasa suka runguma a garuruwa. A Dutsin-Ma ɗin dai akwai Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2011, kuma tana da sashen nazarin kifi da kiwonsa. Kayan aiki sun haɗu ke nan a wuri guda: ruwa, da masunta, da malaman jami'a, da kuma al'ummar da ke cikin matsananciyar buƙata.

Sai dai mu a ganinmu dole a bi abin daki-daki, kuma malaman usulu sun riga sun shata mana jeri. Imam Shaɗibi da waɗanda suka gabace shi sun kasa maslahohi zuwa larura, da buƙata, da ƙawa, kuma ba a gabatar da na ƙasa a kan na sama. Tsare ran yaro ɗan wata takwas larura ce. Garin kolajin da ake sha domin fata ta yi sheƙi ƙawa ce. Abin da ƙasarmu ta fi buƙata daga kifi a yau shi ne kifin da kansa, a cikin cikin yaro da mai ciki da mai shayarwa. Ƙananan kifayen da ake ci dungurungum, da kai da ƙaya, suna ɗauke da furotin mai inganci, da sinadarin ƙarfafa ƙashi, da na ƙara jini, da zinki, da bitamin B12, waɗanda kunun gero tsurarsa ba ya bayarwa yadda ya kamata. A kan irin wannan aiki ne Dakta Shakuntala Thilsted ta samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2021, bayan shekarun da ta yi a Bangaladash da Kambodiya tana nuna darajar ƙananan kifaye. A Gana an gwada niƙa ƙashin bayan kifin tuna da masana'antu ke bari, aka zuba garin a abincin 'yan makaranta, yaran suka karɓa. Garin nan na gero da waken suya da gyaɗa da ake koya wa mata a unguwanni domin kunun yara, idan aka ƙara masa cokali guda na garin busasshen kifi mai tsabta, an ɗaga darajarsa ba tare da injin miliyoyin naira ba. Tumbin yaron kuwa shi zai yi aikin datsa carbin zuwa guntaye, kamar yadda aka halicce shi ya yi. Wanda tamowa ta riga ta kama shi sosai, musamman mai kumburi, wurinsa asibiti ne, garin kifi na rigakafi ne kafin a kai can.

Akwai darasi mai ɗaci daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma da ya kamata ya sa mu yi hattara da kalmar masana'anta. A Muritaniya da Senigal da Gambiya an kakkafa masana'antun niƙa kifi domin abincin dabbobi da na kifayen kiwo a Turai da Asiya. Rahoton da ƙungiyar Greenpeace da abokiyar aikinta suka fitar a 2021 ya ce fiye da tan dubu 500 na ƙananan kifaye ake kwashewa kowace shekara, adadin da zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Ana cewa ragowa za a sarrafa, sai a wayi gari abincin talaka ake niƙawa. Idan gobe aka ce kan kifi ya zama hajar masana'anta a Katsina, farashinsa zai tashi, kuma bazawarar da ke sayen na naira ɗari biyu ta jefa a miyar kuka ita za ta fara ji a jikinta. Duk wani shiri da za a kawo, a gindaya masa sharaɗi cewa abin da mutane ke ci ba ya cikin kayan da zai saya.

Abin da ba a ci kuwa yana da hanya mai sauƙi. Ana niƙa kayan ciki da ɓawo tun suna sabo, a zuba musu ɗan asid mai suna fomik gwargwadon kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, a rufe a durom ana juyawa. Enzayim ɗin da ke cikin hanjin kifin da kansa zai narkar da komai ya zama ruwa mai kauri da ba ya ruɓewa na tsawon watanni, a haɗa shi a abincin kaji ko a yi takin gona da shi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta wallafa jagorar yin haka a 2018 domin ƙananan masunta. A lokacin da buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi, wannan ba abin rainawa ba ne. Kaza ta ci, ta yi ƙwai, yaro ya ci ƙwan.

Tsabta kuwa sharaɗi ce da ba a sassautawa, domin halaccin kifi ba ya halatta cutarwa. Kayan ciki su ne farkon ruɓewa, a zafin bazararmu sa'o'i kaɗan sun isa. Kifin ƙanƙara irin su taitus idan ya jima a zafi yana tara wani sinadari mai suna histamin, wanda dafuwa ko suya ba ta kashe shi, yana jawo ƙaiƙayi da ciwon kai da amai. Hanta da hanji su ne inda gubar ƙarafa ke taruwa idan ruwan ya gurɓata, kuma maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara sama da 400 a 2010 saboda gubar dalma daga haƙar zinare. Mafi muni shi ne abin da hannayenmu ke aikatawa: masu zuba maganin ƙwari a ruwa domin kifi ya taso, da masu fesa wa banda fiya-fiya domin kada tsutsa ta ci. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Wanda ya yi wannan ya sayar wa Musulmi ya yi algus, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya kore mai algus daga tafarkinmu. Idan aka niƙa irin wannan kifi aka ba jariri da sunan gina jiki, zunubin ya ninka.

Sai mai kwalba da muka ce za mu komo kansa. A ranakun kasuwa muna jin su da lasifika a kan mota, kuma wasu shagunan da ke ɗauke da sunan maganin Musulunci sun fara jera kayan ƙasashen waje masu hoton kifi. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Wanda ya ce wa dattijo ya ajiye maganin hawan jininsa ya koma shan garin feftayid, har ta kai shi ga shanyewar ɓarin jiki, yana da alhaki a wuyansa ko da ya buɗe tallarsa da basmala. Jama'a su kuma sani, lambar da NAFDAC ke bai wa yawancin magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari shaida ce cewa an duba ba su da guba, ba ta nufin an tabbatar suna warkar da abin da aka lissafa a jikin kwalin. Mu limamai da masu wa'azi muna da laifi idan muka bari ana amfani da harabar masallatanmu wajen irin wannan ciniki bayan sallar Juma'a.

Zaman sulhun da aka yi a 2025 a Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa, duk da saɓanin da ke tsakanin jama'a a kan ɗorewarsa da adalcinsa, ya sa wasu hanyoyi da kasuwanni sun ɗan farfaɗo. Irin wannan sarari shi ake ribata. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da attajiran yankin za su iya kafa waƙafin murhun banda na zamani da injin niƙa ga ƙungiyoyin zawarawan da rikici ya bari da marayu, su riƙa yin garin kifi mai tsabta, asibitocin sha-ka-tafi da makarantun allo su zama masu saye. Ma'aikatar Tarayya mai kula da harkokin teku, wadda aka kafa a 2023 kuma aka mayar da sashen kifi ƙarƙashinta, a tuna mata cewa madatsun ruwa na Arewa ma suna cikin amanarta. Ga malamai da ɗaliban Dutsin-Ma da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuwa, binciken feftayid a karfasa da tarwaɗa da kurungun ruwanmu farilla ce ta kifaya da muke fata su ɗauke wa al'umma, da enzayim na gwanda, domin abin da za su fitar ya zama halal tun daga tushe. Amma matakin farko bai buƙaci na'ura mai tsada ba. A tura ɗalibai bakin Zobe da rumfunan masu kifi a Dutsin-Ma da Safana da Batsari da sikeli da littafi, na tsawon damina guda da rani guda, su auna kilo nawa ake zubarwa a rana, wane ɓangare ne, kuma a kai samfurinsa ɗakin gwaji a duba ko akwai guba a ciki kafin a ce wa kowace uwa ta zuba a kunun ɗanta.